Yadda sammore ta kusa cinye min sa

Bara kafin babbar Sallah na siyo wani sa a kasuwar Wudil da niyyar in kiwata shi wata uku in saida, dillalin yace min daga wajejen Taraba aka kawo shi, ni kuwa ban kawo komai a raina ba. Sati biyu da daure shi a bayan gidanmu a Dorayi sai naga sa yana cin dusa da harawa amma kullum kara zubewa yake, ido na hawaye, gashi ya tashi tsaye, ga kaluluwa a gaban kafada, har kasa na kama shi yana lasa.

Baba Alhaji makocinmu, wanda ya dade yana kiwo, ya janyo fatar idon san ya duba, fari fat ba jini. Yace "yaro wannan sammore ce, kudan tsando ya cije shi tun can." Ashe dangin kwayar da ke sa mutane ciwon barci ce, shi yasa ma akwai cibiya guda a Kaduna, NITR, da aikinta kenan bincike a kan wannan cuta.

Anan nayi wauta. Na siyo Berenil, garin nan mai ruwan dorawa, fakiti daya ana kada shi a ruwa ayi allura cikin tsoka, kuma an auna shi ne don dabba mai kilo 300. Mai shagon yace wai rabi ma ya isa, nima da son banza nace to sauran na ajiye. Kwana hudu sa ya warware har yana tunkuyi, ina ta murna, bayan sati uku kuwa abin ya dawo fiye da da, ya kwanta ko tashi sai an daga shi.

Dole na kira likitan dabbobi, ya debi jini a kunne ya duba a madubin likita, ya zagaya kirjin san da tef ya kiyasta nauyi, yace ya haura 300 ma, wato ko fakitin gaba daya da kyar zai isa. Yace rabin magani baya kashe kwayar, koya mata jure maganin kawai yake. Sai ya canza zuwa Samorin, mai launin ja-ja din nan, shi yana dadewa a jiki har yana kariya na wasu watanni, ya hada da maganin karin jini da na tsutsa.

Abinda yafi kona min rai shine gargadin da yayi, kar a yanka sai kwanakin da aka rubuta a takardar maganin sun cika don yana zama a nama. Na lissafa, Sallah zata riga su. Mutum biyu suka taya, wallahi zuciya ta raya min inyi shiru, amma na kasa. Sai bayan Sallah na saida shi wa wani mahauci, kudin dusa ma basu fito ba.