Lissafi biyu a aji ɗaya: wa ya kamata ya ɗauki na biyun?

Duk farkon zangon SS1 sai iyaye sun tare ni da tambaya iri ɗaya, wani a bakin masallaci, wani ta waya: "Malam, wanga lissafi na biyu dole ne? Mi ab bambancinshi da na farko?" Ina koyar da duka biyun a wata sakandare a nan Sakkwato, don haka bari in amsa a dunƙule.

Na farko shi ne General Mathematics, wato lissafin gama-gari, wanda kowane ɗalibi ke rubutawa a WAEC da NECO. Ba a tsallake shi, kuma a kwasa-kwasai da yawa jami'a na neman kiredit a cikinsa, wato C6 ko sama. Na biyun, Further Mathematics, wato zuzzurfan lissafi, zaɓi ne. Kuma JAMB ba ta da takarda mai wannan suna, lissafi ɗaya take yi. Da uba ya ji haka sai ya ce to mi za a wahalar da yaro? A nan nake rabuwa da su.

Mutane na ɗauka na biyun na farko ne aka ƙara wa wuya. Ba haka ba ne, tambayar ce ke sauya fuska. Ɗauki tankin ruwa mai siffar gwangwani, irin wanda masu walda ke haɗawa. A lissafin gama-gari za a ba ka faɗinsa da tsayinsa, ka saka a ƙa'idar da ka haddace, ka faɗi lita nawa zai ci. A zuzzurfan lissafi kuwa sai a ce ga falan ƙarfe iya kaza, ba ƙari. Wane faɗi da wane tsayi za ka zaɓa tankin ya ci ruwa mafi yawa? Babu ƙa'idar da ke jiranka. Kai za ka gina lissafin da hannunka, ka bi shi da kalkulas, wato lissafin yadda abu ke sauyawa, sannan amsa ta fito: in tankin mai murfi ne, tsayinsa ya yi daidai da faɗin bakinsa. Ranar da na yi wannan a allo, wani yaro ɗan mai walda ya ce, "Malam, ai Baba da ido yake yi nai." Na ce idon Baba ya yi shekaru yana koyo, kai ga shi ka samu a layi shida.

Bayan kalkulas akwai bekta, wato lissafin abin da ke da girma da alkibla, da lissafin motsi da ƙarfi wanda ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da fiziks, da ƙididdiga mai zurfi. Gaskiya an saka ɗan kalkulas a manhajar gama-gari ta SS3, amma ɗanɗano ne kawai, kuma sau da yawa jarrabawa na riskar mu kafin a kai wurin.

Ba mu kaɗai muka raba lissafi gida biyu ba. Tsarin IB, wata manhajar sakandare ta ƙasa da ƙasa da aka kafa a Janiba ta ƙasar Suwizalan a 1968, yana da mataki na sama da na daidai. Na sama awa 240 aka ware masa a shekara biyu, na daidai awa 150, kuma na sama na da takarda ta uku da ɗayan ba ya rubutawa. Abin da ya burge ni shi ne sun rubuta bambancin lokacin ɓaro-ɓaro. Mu kuwa, a inda nake, zuzzurfan lissafi shi ake turawa darasin ƙarshe, bayan rana ta take, a watan Afrilu fanka na kaɗa iska mai zafi, rabin aji na gyangyaɗi. Wasu makarantun ma ba su da malaminsa sam.

To wa zai ɗauka? Yaron da ke hangen injiniya, ko kimiyyar kwamfuta, ko fiziks, ko lissafin kansa, ya ɗauka ko da C zai samu. Ɗalibaina da suka shiga Jami'ar Usmanu Danfodiyo su ke dawowa su ba ni labari: a shekarar farko malami na gudu da kalkulas, wanda ya taɓa gani a sakandare yana bita, wanda bai taɓa ba yana kwana da littafi. Mai son lauya ko aikin jarida ko Larabci kuwa, ya bar shi, ya ƙarfafa na farkon.

Sharaɗina ɗaya ne. In yaro har yanzu yana tuntuɓe a aljabrar JSS3, yana ruɗewa in alamar ragi ta tsallaka baka, ba na karɓarsa sai mun gyara wannan a zangon farko.