Mai hoto a Santanbul: sana'ar da ake fita da asuba

Ƙaramin kamfani gare ni a Santanbul, ni da yara biyu da wani Baturke da muke aiki tare. Muna kai baƙi tsofaffin wuraren birnin, mu ɗauke su hoto. Yawancinsu 'yan kasuwa ne daga Kano, Kaduna, Yamai da Maraɗi da suka zo sarin kaya a unguwannin Laleli da Merter. Sai an ɗaure kaya an miƙa wa 'yan kago, saura kwana guda jirgi ya tashi, sannan Alhaji zai tuna bai ga komai a garin ba sai shaguna. A wannan kwana gudan muke cin abinci.

Baturken nan dole ce ta sa muke tare. A dokar Turkiyya, mai lasisin jagorar baƙi ne kaɗai zai tsaya a wurin tarihi yana yi wa mutane bayani don a biya shi, lasisin kuma ɗan ƙasa ake ba wa. Shi ke bayani, ni in mayar da Hausa in riƙe kyamara. Kuɗinsa na cin riba, amma ya fi biyan tara sauƙi.

Mutane suna ɗauka kyamara ce jarin mai hoto. A garin nan jarina sanin lokaci ne. Filin Sultanahmet, tsakanin masallacin Ayasofya da na Sultan Ahmed, daga hantsi ya zama kasuwa, in jiragen ruwan 'yan yawon buɗe ido sun sauke mutane kuwa ko wurin tsayawa babu. Shi ya sa nake cewa mu haɗu a sallar asuba. Daga Laleli tafiya kaɗan ce a jirgin ƙasan cikin gari mai lamba T1, in bai fara aiki ba mu taka da ƙafa. Ana idar da salla gari na wayewa, hasken mai laushi ne, filin babu kowa sai masu shara da kyanwoyi. Wanda ya ce mini sai ya karya kumallo a otal, nakan gaya masa gaskiya: zai samu hoto, amma da kawunan mutane a bayansa.

Akwai dalilin da ya sa mutanenmu ke nemana alhali ga masu hoto nan birjik a filin. Bahaushe zai zo da farar shadda ta sha guga, ya tsaya gaban farin marmara da rana tsaka. Kyamara in an bar ta da kanta farin take bi, ta rage haske, fuskar mutum ta koma baƙi ƙirin, ido kawai ake gani. Wanda ya saba ɗaukar fararen fata ba ya lura sai an kai hoton gida. Ni fuska nake auna wa haske, in kai mutum bakin inuwar baranda, yaro ya riƙe faifan mayar da haske daga ƙasa. Tun a waya nake roƙon Hajiya ta sa atamfa ko leshi mai duhun launi, Alhaji kuma in yana da shadda ruwan toka ko shuɗiya ya fi. Wasu su ji, wasu su ce farar suka ɗinka don tafiyar.

Ginin ma da nasa halin. Masallacin Sultan Ahmed, da aka fara a 1609, hasumiya shida gare shi, kowa kuma so yake duk su fito. In ka matsa kusa ka ɗaga kyamara sai su karkata kamar za su faɗo wa mutum a ka. Maganinsa ja da baya har wajen tafkin tsakiyar filin. Daga nan in ka juya, ga Ayasofya, wadda sarki Jastiniyan ya kammala a 537 a matsayin coci. Sultan Muhammad Fatih ya mayar da ita masallaci a 1453, aka yi ta gidan tarihi a 1934, ta koma masallaci a 2020. Tun Janairun 2024 baƙon da kallo ya kawo shi yana biyan Yuro 25 ya hau benen Ayasofya. Nakan faɗi wannan tun kafin mu yi ciniki, don kada a ce na ɓoye wani abu. Gyara kuma ba ya ƙarewa a gine-ginen nan. Masallacin Sultan Ahmed ya yi shekaru da ƙarafa a ciki kafin a sake buɗe shi a 2023, a lokacin sai dabara ake yi da kusurwa.

In ra'ayina za a bi, Sulaimaniyya, wani babban masallaci a birnin, ta fi su duka daɗin aiki. Magini Mimar Sinan ya gama ta a 1557, tana kan tudu, daga farfajiyar baya ana hango ruwa da hasumiyar Galata ta 1348, kuma babu turmutsutsu. Amma baƙo abin da ya gani a wayar abokinsa yake so, don haka Sultanahmet ake kai shi tukuna.

Ranaku ma sai an lissafa. Fadar Topkapi, tsohuwar fadar sarakunan Usmaniyya, a rufe take ran Talata, babbar kasuwar Kapalicarshi ran Lahadi, ran Juma'a da safe kuma ba a shigar da masu kallo masallacin Sultan Ahmed. Tsohuwar ma'ajiyar ruwa ta Yerebatan da ke ƙarƙashin ƙasa, mai ginshiƙai 336, kyakkyawa ce amma duhu ne, ba na yi wa kowa alkawarin hoton fuska a ciki.

Inda muka fi ja-in-ja da baƙi shi ne ɗakin kayan amana a Topkapi, inda ake ajiye kayan da ake dangantawa da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da sahabbansa. An hana hoto a wurin. Kullum sai wani ya raɗa mini, "Malam, ɗan danna mana ko ɗaya." Nakan ce, "Alhaji, a yi haƙuri, a nan ido ne zai yi aiki." In muka fita sai in kai shi unguwar Eyup, wajen kabarin Sayyidina Abu Ayyub al-Ansari, ya yi ziyara, mu yi hoto a farfajiya.

Farashi da Dala nake faɗa, domin Lira ba ta tsayawa wuri guda, rabin kuɗi kuma kafin mu fita. Hotuna a daren nake gyara su in tura, tunda yawanci washegari mutum yana jirgi. Abin da nake nanata wa kowa shi ne ya tura su gida a matsayin fayil a WhatsApp. In aka tura su yadda aka saba, manhajar tana matse su, ranar da aka kai wa mai wankin hoto ya buga babba don bangon falo sai ya fito dishi-dishi, a kira ni daga Kano ana faɗa.