Yadda na koyi bambanta tsirran fen masu kama da juna

Aikin da aka ba ni a shekarar ƙarshe ta jami'a shi ne tattara tsirran fen, wato tsirran nan marasa fure da 'ya'ya da ke yaɗuwa ta ƙurar iri, a duwatsun Kagoro da ke kudancin Kaduna, in kuma sa wa kowanne sunansa na kimiyya. Tattarawar ba ta ba ni wuya ba. Wurin sa sunan ne ido ya raina fata.

Waɗanda suka fi cin lokacina dangin Nephrolepis ne. Biyu daga cikinsu, biserrata da undulata, in ka hango su daga nesa sai ka rantse abu ɗaya ne: dogon ganye mai ƙananan ganyayyaki jere hagu da dama, kuma dukansu kan maƙale a jikin bishiyar kwakwar manja. Malaminmu ba ya ko duban gaban ganyen. Da ka miƙa masa sai ya kifa shi, ya kara gilashin hannu mai ƙara girma sau 10 a idonsa, ya ce, “Kai yaro, ina ɗigon?”

Ɗigon nan da ke bayan ganye shi ne tarin ƙurar iri, kowanne da ɗan murfi a kansa. A biserrata murfin kusan da'ira ne, da ɗan siririn tsagi. A undulata ya yi siffar ƙoda, tsaginsa a buɗe, yana fuskantar ƙarshen ganye. Sai ka tsugunna, ka juya bayan ganyen ga hasken rana, ka riƙe numfashi don kada hannu ya yi rawa, sannan bambancin zai fito. Ganyen da bai kai ga yin ɗigo ba kuwa, ko ka busar da shi ka adana, da wuya a yanke hukunci a kansa.

Sauran shaidar tana ƙasa. Undulata tana fitar da siraran jijiyoyi masu rarrafe da 'yan ƙulluttuka a jikinsu, kamar ƙananan aya. Da rani ganyenta ya bushe ƙurmus, ƙulluttukan su kwana a ƙasa sai damina ta faɗi su sake tohowa. Biserrata ba ta da su, tana nan kore shar duk shekara inda akwai laima, ganyenta kuma yakan kai mita 2. Shi ya sa a watan Janairu, lokacin da hunturu ya kankama, na koma wuraren da na yi wa alama. Wadda na tarar a raye da wadda ta ɓace sun raba mini gardamar da takardu suka kasa rabawa. Sai dai a yi hattara da cordifolia, ita ma daga dangin Nephrolepis, wadda ake shukawa a tukunya don ado, domin ita ma tana da ƙulluttuka amma ba ta zubar da ganye haka.

Wasu ba su da wannan wahalar. Pteris vittata, wadda ke fitowa a tsagin tsohon gini, takan rikita sabon shiga da Nephrolepis, amma ƙurarta a miƙe take a layi ɗaya bakin ganye, gefen ya naɗe ya rufe ta. Platycerium elephantotis ganyensa faffaɗa ne bai rabu ba, na stemaria kuwa ya yi rassa. Kallo ɗaya ya isa.

Inda raina ya fi ɓaci shi ne sunaye. Littafin da muka dogara da shi na A.H.G. Alston ne, wanda aka buga a 1959 kan fen na Afirka ta Yamma, kuma har yau yana da amfani a daji. Amma sunaye da yawa sun canza tun daga lokacin. Tsiron da yanzu ake kira Christella dentata ya zauna a ƙarƙashin Dryopteris, da Cyclosorus, da Thelypteris. A 2016 masana suka fitar da tsarin da ake kira PPG I, wanda ya dogara sosai da binciken ƙwayoyin halitta, ya kasa fen da danginsu gida 51. A ganina ɗalibi ya yi amfani da Alston ya kai ga tsiron, sannan ya hau intanet ya duba sunan da ake amfani da shi yanzu, ya rubuta duka biyun a takardar samfur.

Ita kanta Christella ba a gane ta sai an ɗaga ganyen sama an bi jijiyoyinsa: na ƙasa biyu daga ɓangarori maƙwabta suna haɗuwa su miƙe zuwa tsagin da ke tsakani.

Yanzu in zan ɗauki samfur, da gindinsa nake tono shi, in haɗa ganye mai ɗigo da marar ɗigo, in matse su tsakanin tsofaffin jaridu, in riƙa canza jaridun kullum saboda laimar damina kan sa su fumfuna. Nan take nake rubuta sunan wata, da wurin da na same shi, da ko a dutse yake ko a bishiya. Waɗanda suka gagare ni na kai su ma'ajiyar busassun tsirrai ta Cibiyar Binciken Gandun Daji da ke Ibadan, na jera su kusa da tsofaffin samfura aka gwada.