"Monkey business" ba cinikin birai ba ne

Ɗazu ƙanena ke yi wa yaransa tsawa, suna ta tsalle a kan kujerun falo: "No monkey business!" Babbar ta tsaya ta ce, "Baba, ina birin?" Na yi dariya har da hawaye.

Wannan magana ta Turawa fuska biyu gare ta. Idan yara aka faɗa wa, shiririta ake nufi, ƙiriniya da wasan banza irin na biri da ba ya zama wuri ɗaya. Akwai raha a cikinta, ba zagi ba ce.

Amma ka ji an ce akwai "monkey business" a lissafin kuɗin ƙungiya, to an bar batun wasa. Muna-muna ce, wani ya sa hannu inda bai kamata ba. Shi ya sa ba na son jin ta a wurin aiki, sai ka rasa tsokanarka ake yi ko zarginka.

In shiriritar ce zalla, ta kokawa da ture-ture, "horsing around" ta fi dacewa, don ba ta ɗauke da zargin kowa. Dattawan Ingila kuwa akuya suke jawowa, su ce "acting the goat".