Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Baba Mai Wankan Gawa

A makon jiya mun tsaya inda kuɗin ɗakin kwanan ɗalibai ya fi ƙarfina, na shiga neman haya a arewacin Manchesta. Ɗakin da aljihuna ya iya ɗauka yana Prestwich, unguwar da Yahudawa suka yi yawa, a saman benen wani tsoho. Da na gaya wa abokaina sai suka riƙe baki: "A gidan Bayahude za ka zauna?" Na ce to ku ba ni cikon kuɗin. Shiru kake ji.

Baba nake ce masa, shi kuma yana ce mini "yarona". Sharaɗinsa ɗaya ne: kada in taɓa kwanukansa. Na nama daban, na madara daban, har soson wanke-wanke biyu ne. Naman alade kuwa ko a mafarki bai shiga gidan, wannan ya kwantar mini da hankali. Da asuba ina alwala, shi yana falo ya naɗe baƙar igiyar fata a hannun hagu, ɗan akwati a goshi, ya fuskanci Ƙudus yana rangaji. Ba mu taɓa zama muka yi muhawarar addini ba.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne wayarsa. Sai ta yi ƙara cikin dare, ya ce "to, ga ni nan", ya ɗauki wata tsohuwar jaka ya fita cikin sanyin nan mai shiga ƙashi. Na daɗe ina zaton likita ne da ya yi ritaya. Ashe ɗan Chevra Kadisha ne, ƙungiyar 'yan sa-kai masu wanke mamatansu, maza su wanke maza, mata su wanke mata.

Wata rana muna shan shayi ya warware mini aikin. Ba a buɗe gawa gaba ɗaya, sai gurbin da ake wankewa. A tsabtace farce, a taje gashi, sannan a kwarara ruwa daga kai zuwa ƙafa ba tare da ya yanke ba. Likkafani fari ne, ba aljihu, na attajiri da na talaka iri ɗaya, akwatin ma katako ne zalla. Ba a barin mamaci shi kaɗai har a binne shi, wani zai zauna yana karanta Zabura. In an gama, masu wankan su tsaya su nemi gafarar mamacin, ko sun yi masa wani abu ba daidai ba. Ranar 7 ga watansu na Adar, wadda suke ɗauka ranar rasuwar Annabi Musa ce, sukan yi azumi saboda haka. Ina saurare ina tuna kakana, wanda duk mutuwar da aka yi a unguwarmu shi ake aika wa.

Na ce, "Baba, da shekarunka, me ya sa ba za ka bar wa matasa ba?"

Ya juya cokali a kofi ya daɗe. A Vienna, babban birnin Austria, aka haife shi. A 1939 uwarsa ta sa shi a jirgin ƙasa da lamba rataye a wuya, cikin yara kusan 10,000 da Ingila ta karɓa kafin Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, ba tare da iyayensu ba. A 1942 'yan Nazi suka kwashe iyayensa zuwa Minsk, a Belarus. "Ba wanda ya wanke su, yarona. Ba ni da kabarin da zan je." Ya miƙe ya ɗauraye kofinsa, maganar ba ta sake tasowa ba.

Kafin in ƙare karatu ya kwanta ciwo, kuma bai tashi ba. Washegari aka binne shi. A maƙabarta na ga 'yarsa da riga a yage wajen ƙirji, na ga mutane suna bin layi suna zuba ƙasa, kowa ya soke shebur a tudu maimakon ya miƙa wa na baya. Wani mai dogon gemu ya yi mini nuni da kai, ni ma na zuba tawa. Kwana bakwai aka yi ana zaman makoki a falon nan, madubai a rufe, iyali a kan gajerun kujeru. Mutane suka yi ta zuwa, wannan ya ce shi ya wanke ubana, wannan ya ce shi ya wanke ɗana. Yawancinsu sai bayan mutuwarsa suka sani, don ba ya faɗa.

Da aka watse, 'yarsa ta ce za su sayar da gidan, amma in zauna har ƙarshen zango, ba ta son ko kwabo. Yadda na koma Cheetham Hill da abin da ya haɗa ni da wani Bazazzagi mai tasi, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.