Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Injin Jirgin Kawu

Makon jiya na tsaya a inda ruwan 2022 ya janye ya bar mu da taɓo da rumbuna wayam. Wanda ya yi wannan daminar a ƙasar Haɗejia ko Auyo ko Ringim ba sai na ba shi labari ba. Mu dai a ƙauyenmu makonni aka yi babu hanyar mota, mai naƙuda da mai zuwa kasuwa da masu rakiyar gawa duk kwale-kwale ɗaya suke jira. Kullum na ga an cika shi har ruwa yana lasar bakinsa sai in tuna da yaran da suka nutse a Bagwai a 2021, gabana ya faɗi.

Da sanyi ya shigo, Kawu ya aika aka kira ni.

"Ka san jirgin nan na gindin tsamiya?"

"Na san shi, Kawu."

"Ina so ya tashi kafin ruwa ya dawo."

Ban ce komai ba, don ba a yi wa kawu musu a zaurensa. Amma a raina dariya nake. Jirgin ƙarfe ne da ya saya a gwanjon wata ma'aikata tun ina firamare, ya yi 'yan shekaru yana ƙetarar da mutane da buhunan shinkafa, daga baya ciyawar kachalla ta cinye mashigar da yake bi, aka jawo shi tudu aka manta da shi. Mu mun yi wasan ɓuya a cikinsa, 'ya'yanmu ma sun yi. Ranar da na je dubawa sai da na kori kaza daga kan ƙwanta kafin in ga injin.

Mu shida muka ciro shi da igiya da azara, muka ɗora a amalanken shanu zuwa rumfata. Na zura hannun tayarwa na danna da duk ƙarfina, ko gezau. Na koma na ce wa Kawu injin ya yi nokin, wato ƙarafan cikinsa sun lalace sun ƙame, gara ya karɓi tayin 'yan gwangwan da suka daɗe suna zagayen jirgin, a auna a kilo a ba shi kuɗinsa. Ya dube ni ya ce, "Kai da wa kuka duba?" Na ce ni kaɗai. Ya ce to in je Haɗejia in ɗauko maigidana.

Wanda yake bin labarin nan tun farko ya san Baba, mutumin da ya koya mini riƙe sifana. A lokacin idonsa ya yi rauni, ya bar gareji sai zaman ƙofar gida. Na ɗauko shi a babur. Da muka iso bai ko zauna ba, ya durƙusa yana shafa jikin injin kamar mai tayin sa a kara, har yatsunsa suka faɗa kan wani ɗan farantin tagulla. Ya sa na goge shi da toka da lemon tsami na karanta masa: Lister, garin Dasili, Ingila.

Ya yi murmushi. Ya ce irin wannan Turawa suke sa wa jiragensu masu tafiya da iska, don ranar da iskar ta ɗauke ko za a shiga tasha. Silinda ɗaya ne, kuma iska ce take sanyaya shi, fanka ce a jikin fulawil, wato babban faifan ƙarfen nan mai juyawa, take hura ta kan haƙarƙarin silindar. A ruwa irin namu mai taɓo da ciyawa wannan ba ƙaramar sa'a ba ce, domin babu bututun jan ruwa da zai toshe. Ya ce kamfanin Lister ya haɗe da wani kamfanin injuna mai suna Petter a 1986, tunda kuwa sunan Lister kaɗai ne a jiki, to injin ya girme ni, in riƙa yi masa magana da ladabi.

Sai ya laluba salansa, wato bututun fitar da hayaƙi, ya ji bakinta sama yake kallo.

"Yaro, wannan ba nokin ya yi ba. Ruwa ya sha."

'Ya'yana huɗu a lokacin, amma a bakin Baba yaro nake.

Da muka cire tof silinda, wato murfin saman silindar, maganarsa ta fito. Ruwan sama na shekara da shekaru ya bi ta salansa, ya wuce ta bawul ɗin da injin ya tsaya da shi a buɗe, ya kwanta a kan fistin. Tsatsa ta ɗinke ringi da bangon silinda. Ƙasa kuwa, wajen kiranshaf da metal, baƙin mai ya tsare su, sumul kamar jiya aka rufe. Wato da na bi son raina da an sayar da lafiyayyen inji a kilo saboda tsatsar da ba ta kai faɗin tafin hannu ba.

Ni guduma na ɗauko. Baba ya ce in ajiye. Ya sa na haɗa gas da baƙin mai na cika kan fistin, muka rufe da tsumma. Kullum da safe in ƙara, in ɗan jijjiga fulawil gaba da baya, in tafi harkata. Kwana tara muna haka. Ban taɓa jin aiki ya gundure ni irin wannan ba, aikin da babu abin yi a cikinsa sai jira. A rana ta goma ya ce a samo icce mai tauri wanda zai cika bakin silindar, don ƙarfe kan ƙarfe fasa fistin yake yi. Na duba ko'ina ban samu ba, sai idona ya faɗa kan taɓaryar uwargida. Na yanke mata kamu ɗaya da zarto ba ta nan. Abin da ya biyo baya a cikin gida ba na wannan shafin ba ne, sai dai in ce sabuwa na saya ranar kasuwa, kuma har yau in ta ga na nufi madafi sai ta ce, "Malam, me kuma za a yanka?"

Bugu na huɗu fistin ya motsa. Bai fi kaurin farce ba, amma ya motsa, man da ke kansa ya yi ƙasa yana ƙyalli.

Ringi biyu sun karye, gasket ya mutu, nozul mai fesa gas ya toshe. Sai Kano. Tafiyar ta faɗo a watan Fabrairun 2023, lokacin canjin kuɗi, kuɗinka yana banki amma shayi ya gagare ka. Na isa kasuwar Ƙofar Ruwa da karyayyen ringi a aljihu ina nunawa rumfa rumfa. Masu sabbin kaya suka yi ta miƙo mini na Indiya, irin na injin niƙa mai manyan ƙafafu biyu, alhali faɗinsu ba ɗaya ba ne. Sai wajen la'asar wani dattijo ya kai ni bayan rumfarsa inda aka farke wani tsohon janareta ɗan gidan su injin namu. Muka daidaita. Na tura kuɗi ta waya, aka cire a wajena, shi bai gani ba. A masallacin kasuwa na kwana, sai washegari da hantsi saƙon ya shigo masa ya ba ni kayana.

Haɗawar ta ci mako biyu. Na naɗe sanfefa a icce na goge cikin silinda a karkace, hagu da dama, yadda mai zai sami wurin kwanciya. Muka zura ringi, Baba yana jaddada kada bakunansu su yi layi ɗaya, in ba haka ba matsi ya sami hanyar gudu. Bawul kuma da man girandin na yi ta murza su tsakanin tafukana kamar mai burga miya, in ɗaga, in juya, in sake. In na ce sun zauna, sai ya sa a kifa tof silinda a zuba kananzir a mazauninsu. In ya tsattsafo, a koma. Sau uku ina komawa.

Dalilin wannan wahala shi ne injin gas ba shi da fulogi. Iska kawai yake matsewa, ya cusa ta a wurin da bai kai kashi ɗaya cikin goma sha biyar na inda ta cika ba, har ta yi zafin da in an fesa mata gas zai kama da kansa. In matsin yana zurarewa ko ta ina, ka kwana kana juya hannu ba zai tashi ba. Nozul ɗin ma a waje muka gwada shi, muka ɗaura a bututunsa na juya injin. Feshin ya fito kamar hazo, da 'yar ƙara ƙyat ƙyat. Na kai yatsa zan taɓa, Baba ya make mini hannu. Ya ce wannan hazon huda fata yake yi ya shiga jini, ya san wanda ya rasa yatsa a haka.

Saura abu ɗaya. Akwai wasu 'yan ƙarafa da sifirin a cikin inji da ake kira gwamna, su ne suke rage wa famfo mai in gudu ya yi yawa. Baba zai koma Haɗejia ta'aziyya, ya ce kafin ya dawo in kwance gwamna da sandar famfon in wanke su tas. Na buɗe murfin, na ga aikin zai ci yini guda, ga masu injin ban ruwa sun yi layi a rumfa saboda noman rani. Na ɗiga mai, na tura sandar da yatsa, ta tafi da ƙyar ta dawo da ƙyar. Na ce ai in ya yi zafi za ta saki. Na mayar da murfi.

Ranar tayarwa ta zo daidai makon zaɓen gwamnoni, saura kwanaki kaɗan azumi. Mun ɗaure injin a kan gungume biyu a ƙofar rumfa. Gari ya taru, Kawu a kan kujera, Sarkin Ruwa a gefensa, yara har kan katanga. Na zuba gas lita biyu, a lokacin lita ta haura naira 800. Na sassauta noti na cire iska har kumfa ta ƙare. Na ɗaga ɗan ƙarfen da ke sakin matsi, na yi bisimilla na fara juya hannu, fulawil ya ɗauki gudu, ƙanena ya sauke ƙarfen.

Tuf. Tuf. Tuf tuf tuf. Baƙin hayaƙi ya turnuƙe, mata suka rangaɗa guɗa daga cikin gida, Kawu ya miƙe tsaye yana kabbara.

Murnar ba ta yi minti ɗaya ba. Ƙarar ta fara hawa, ta ƙi tsayawa. Na ja sandar kashewa, ta ƙame. Na rufe mai daga tanki, amma abin da ke cikin filta da bututu ya ishe shi. Gungumen suka fara rawa suna tafiya da kansu, sifanu suna zubowa daga kan benci. Wanda ya san nauyin fulawil ya san in ya fashe a wannan gudun ba a rumfa zai tsaya ba. Taron ya watse, Sarkin Ruwa ya bar hularsa a ƙasa, ni kuma na tsaya riƙe da tsumma na rasa inda zan sa shi.

Baba ne ya matso, yana lalube da hannu ɗaya. Ya fizge tukunyar iska, ya cire silifas ɗinsa na dama ya kifa a bakin bututun ya danne da tafinsa. Injin ya zuƙe robar har ta lotsa ciki. Ya yi tari biyu, ya yi wata irin shaƙuwa, fulawil ya yi ta lilo har ya tsaya.

Wurin ya yi tsit, sai kukan wani yaro da ya faɗo daga katanga. Baba ya ɓamɓaro takalminsa, ya shafa zoben da bututun ya huda a tsakiyarsa, sannan ya juyo inda yake jin numfashina.

"Yaro, ka kwance gwamnan?"

Kawu yana tsaye, ga Sarkin Ruwa ya dawo ɗaukar hula. Na ce, "Ban kwance ba, Baba."

Ya miƙo mini silifas ɗin. "Lamba tara nake sawa. In ka dawo daga kasuwa ka ɗauko sifana goma sha uku."

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan faɗi yadda muka mayar da injin cikin jirgi, da abin da muka tarar a jikin shaf ɗin farfela ranar da muka kwashe ƙasar da ta binne shi.