Yadda na haɗa kiredit 60 a kwalejin al'umma ta New York ina aikin dare

Da ND ɗina ta gida, wato difloma ta foliteknik, na shiga kwalejin al'umma a birnin New York, da kuma sabon da na yi a foliteknik: ka biya kuɗi, sashe ya manna jerin kwasa-kwasai a allo, duk 'yan ajinku ku ɗauki abu ɗaya, ku fita tare. A Amurka babu wani "'yan ajinmu". Kowa da jadawalinsa, kai za ka zaɓi abin da za ka karanta da lokacin da za ka karanta shi. Sai mutum ya yi shekara uku yana zuwa aji, yana cin jarrabawa, amma digiri bai matso kusa ba, don abin da yake tarawa ba shi ake nema a wurinsa ba.

Digirin waɗannan kwalejoji na shekara biyu ne a takarda, galibi kiredit 60, wato rabin digirin farko mai 120. Kiredit shi ne ma'aunin nauyin kwas, wanda ake tara maka in ka ci shi. Yawancin kwasa-kwasai kiredit 3 ne, masu ɗakin gwaji 4. Da 12 a zango ake ɗaukarka cikakken ɗalibi, amma 12 sau huɗu 48 ke nan. Mai son gamawa a shekara biyu sai ya riƙa ɗaukar 15, ko ya haɗa da karatun lokacin bazara. Ni da nake gadi da dare a wani gini ban taɓa iya 15 ba, don ƙa'idarsu ita ce duk awa ɗaya a aji tana son wajen awa biyu na bita a gida.

Tun ranar cike takardu aka ce in zaɓi irin digirin: AA, AS ko AAS. Yayana da ya riga ni zuwa ƙasar ya ce, "Kai dai ɗauki AAS, ka fita ka kama aiki, iyali na jira." Na ce, "To Yaya, bari in ji abin da mashawarciyar ɗalibai za ta ce." Maganarsa gaskiya ce ga wanda zai tsaya a nan, don AAS na koyon sana'a ne kai tsaye. Amma AA da AS an gina su ne domin mai son wucewa jami'a, kuma wanda ya tafi can da AAS yakan tarar da wasu kwasa-kwasansa ba su shiga lissafi ba. Na ɗauki AS a fannin kasuwanci.

A tsarin CUNY, jami'ar birnin New York mai kwalejojin al'umma bakwai, tun 2013 ake da shirin Pathways. Kiredit 30 na gama-gari ne ga mai AA ko AS: 12 na dole, wato rubutun Ingilishi sau biyu, lissafi da kimiyya, sai 18 da za ka zaɓa daga rukunoni irin su al'adun duniya da tarihin Amurka. Da farko na ga ɓata lokaci ne ɗan kasuwa ya zauna yana rubuta sharhi kan tarihi. Daga baya na ga amfaninsa, don waɗannan 30 ɗin suna bin ka duk kwalejin CUNY da ka koma.

Sauran 30 ɗin su ne masu tarko, saboda jeri suke bi. Kwas ɗin akanta na biyu ba ya buɗuwa sai ka ci na ɗaya, ƙididdiga tana jiran lissafi, kuma ba kowane kwas ake bayarwa da yamma a kowane zango ba. Ka jinkirta lissafi don tsoro, to duk abin da ke bayansa ya jinkirta. A da ma akwai ajin share fage da ake biyan kuɗinsa ba tare da kiredit ko ɗaya ba, sai dai CUNY ta daina wannan tsarin a 2022, yanzu mai rauni yana shiga kwas na ainihi tare da ƙarin sa'o'in taimako.

Abin da ya fi ba ni wuya in gane shi ne, littafi biyu kwaleji take riƙe maka, kamar mai kanti da littafin ciniki daban, na bashi daban. Na farko na maki ne, GPA: A maki 4, B 3, C 2, D 1, F sifili. Sai da 2.0 ake ba ka digiri. A CUNY ana sassauta wa sabon shiga, GPA 1.5 ake nema har ya kai kiredit 12, 1.75 har 24, daga 25 sai 2.0, wanda ya gaza a sa shi a gargaɗi, in bai gyara ba a sallame shi. Na biyu na tallafin kuɗi ne, na masu cike FAFSA, takardar neman tallafin gwamnatin tarayya, suna karɓar kuɗin tallafin da ake kira Pell. Shi wannan bai tsaya a maki ba, yana ƙirga duk abin da ka yi rajista da abin da ka kammala. A kwalejoji da yawa sai ka kammala kashi 67 cikin 100 na abin da ka ɗauka, wasu kuma suna da jadawalin da ke ƙara tsanani da tafiya ta yi nisa. Sannan akwai iyaka: kashi 150 na tsawon digirin, wato kiredit 90 ga mai neman 60.

Na san wannan ne a zangon da aka canza min lokacin aiki, ajin ƙididdiga na safe ya koma ba na isa sai an yi rabi. Hanya biyu ce: in janye a rubuta min W, ko in daure in ga abin da zai fito. Abokai suka ce ai W ba komai ba ce, ba ta taɓa GPA. Haka ne, amma mashawarciyar ta juyo min da allon kwamfutarta ta nuna min ɗaya littafin. W tana nan a lissafin abin da na ɗauka ban gama ba, tana cin wani abu daga cikin 90 ɗin. Ta kuma ce in duba ko zan sauko ƙasa da 12, don wasu tallafi da cikakken ɗalibi suke tafiya, kuma ga mai bizar karatu ta F-1 saukowa ƙasa da 12 ba izini matsalar zama a ƙasar ce gaba ɗaya. Wanda ya janye daga duka kwasa-kwasansa kafin zango ya kai kashi 60 kuwa, ana iya cewa ya maido da wani ɓangare na kuɗin.

Daurewar ma da nata haɗarin. D cin jarrabawa ce a suna, amma sau da yawa jami'a ba ta karɓarta, kuma kwas na gaba yakan nemi C. Da muka auna, na karɓi W guda, na sake kwas ɗin da yamma. Abin da bai kamata ba shi ne ka daina zuwa kawai ba ka cike takardar janyewa ba kafin ranar da aka tsayar. Na ga 'yan uwanmu da dama a Bronx, wani yanki na birnin, da suka yi haka lokacin da aiki ya matse ko rasuwa ta kira su gida, suka dawo suka tarar da bashi da rajista a kulle. Da sun yi magana da malami, ɗalibin da ya kusa gama aikinsa ana iya rubuta masa INC, wato bai kammala ba, a ba shi wa'adi, sai dai in wa'adin ya wuce ta rikiɗe ta zama F.

Maganar Sallah kuwa, dokar ilimi ta jihar New York, sashe na 224-a, ta ba ɗalibi damar rashin zuwa aji ko jarrabawa saboda addini, a kuma ba shi damar ramawa. Nakan sanar da malami tun makon farko, ban taɓa samun gardama ba.

ND ɗina ba ta tafi a banza ba, amma ba ta yi abin da na zata ba. Sai da takardar sakamako ta taso daga makarantar kai tsaye, wadda ta ci watanni, sannan aka tantance. Wasu kwalejoji da kansu suke yi, wasu su tura ka wurin masu tantancewa irin su WES. Kaɗan aka karɓa, kuma ko da an karɓi da yawa, kowace kwaleji tana da adadin da dole a wurinta za ka yi shi, a wasu 15, a wasu 30.

Cikar kiredit 60 ma ba ita ce ƙarshe ba, sai ka nemi a yaye ka, da takarda da ranar rufewa. A nan ofishin rajista ke ɗauko katalog, wato littafin sharuɗɗan digiri, na shekarar da ka shiga, ko wadda ka canza fanni, su bi shi layi-layi. Ni an tarar da saura kwas ɗaya daga rukunin zaɓi, abin da muka riga muka gani da mashawarciyar zango guda kafin nan. Na yi shi a bazara, sannan na tura takarduna babbar kwaleji mai digirin shekara huɗu na fara daga aji uku.